Kwalli a Sajen Malam

Sai da muka wuce Abashe ta ƙasar Chadi na yarda cewa kumburin Malam ƙaruwa yake yi. A gida Fammar kullum ina ganinsa, ido ya saba, ban lura ba. Amma a bayan babbar mota, mutum yana zaune a gabanka wuni guda rana tana dukan gefen fuskarsa, dole ka gani. Muƙamuƙinsa na hagu ya turo saje waje, kamar wanda ya cusa goruba a kunci. Malam mijina ne, mahaddaci, mai koyar da karatun allo a ƙasar Kibiya, kuma sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da ba ya raye. Mun fito ne za mu Makka ta ƙasa, irin tafiyar talakawan wancan zamani: a yi gaba, a tsaya a yi ƙwadago, a ƙara gaba.

Abin ba ya ciwo, kuma wannan ne ya fara rikita ni. Ni a sanina ciwo shi ne abin da yake hana barci. Wannan kuwa shekaru yana nan shiru, Malam yana cin tuwonsa yana tilawarsa. Haƙoran wajen dai sun fara girgiɗi, kuma in ka danna wurin da yatsa sai ka ji wani ɗan ƙas-ƙas kamar ɓawon ƙwai.

Ni 'yar Saji ce a ƙasar Rano, kuma a can muna da wani tsohon wanzami da ba a ja da maganarsa. Tun kafin mu taso ya yi wa Malam 'yan tsaga a cikin saje, ya kafa ƙaho, bai sami komai ba sai jini. Sai ya ce zafi ne ya kwanta a ƙashi, a sanyaya shi da abin da ake sanyaya ido, wato kwalli. A niƙa dutsen, a kwaɓa da man shanu, a cusa a gindin gashi kowace safiya. Ban taɓa fashi ba, ko a mota ko a zango. Baƙin abu ne cikin baƙin gashi, ba mai gani. Kuma zan faɗi gaskiya, ko da maganin ba ya yin komai, ni ina son wannan lokacin. Malam mutum ne mai kunya da kamewa. In ba don kwallin nan ba, ban san ranar da zan riƙe fuskarsa da hannu biyu ido na ganin ido ba. Yakan lumshe ido yana karatu ƙasa-ƙasa, ina jin ayoyin suna motsi a tafin hannuna.

A Madani, cikin ƙasar Sudan, guzuri ya ƙare, muka shiga cirar auduga. A can ne labari ya iske mu cewa Turawa sun miƙa mulki a gida. Na tambayi Malam me ke nan zai canja, ya ce shi ma bai sani ba, amma layin audugar da ke gabana bai ragu ba. Garin ya gagare ni. Sun ce mana Fallata, ni kuwa ko kalma ɗaya ta Fillanci ban iya ba. Abincinsu kisira, wata aba falan-falan mai tsami, na ci ta ne don kada in faɗi. Malam da nake ganin ba wanda ya kai shi Larabci, in ya buɗe baki a kasuwa sai masu tumatir su yi ta dariya, wai yana magana kamar mai huɗuba.

Wadda ta riƙe mu ita ce Hajja Rakiya, mai sayar da abinci a bakin gonakin. Kakanninta Hausawa ne da suka taso aikin hajji suka maƙale a hanya, ita ko Kano ba ta taɓa gani ba, Hausarta rabi Larabci ce. Ita ta ba mu rumfa a bayan gidanta, ita ta samo mini kuka da daddawa ranar da ta same ni ina hawaye a kan kisira. Kuma ita kaɗai ce ta dubi Malam ta faɗa masa abin da kowa yake gani.

"Ya Malam, wannan fuska taka ba ta tafiya ba ce. A Hartum akwai injin da yake ganin ƙashi. Ka je a duba."

"Hajja, ba ya ciwo."

"To shi ya sa nake tsoro. Da yana ciwo ai da tuni ka je da ƙafarka."

Ta rufe tukwanenta, ta raka mu da kanta.

A asibitin aka shigar da Malam wani ɗaki, aka kwantar da kuncinsa a kan faranti, injin ya yi ƙugi, aka ce an gama. Da aka ce hoto, ni na zaci zan ga Malam da rawaninsa. Sai likita ya ɗaga wata baƙar leda a gaban fitila, ga ƙoƙon kai yana yaƙe mini haƙora. Na yi salati na kau da kai. Hajja ta kamo haɓata ta juyo ni, ta ce in duba, mijina ne.

Likitan Basudane ne, siriri mai tabarau, kuma shi Larabcin Malam bai ba shi dariya ba. Suna magana, Hajja tana raɗa mini. Ya ce ƙarin da yake fitowa a ƙashin muƙamuƙi iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, wanda yake girma a hankali yana tura ƙashi gefe. Shi a hoto yana da iyaka, wani siririn farin layi ya zagaye shi, cikinsa kuma duhu-duhu ne ɗaki-ɗaki kamar kumfar sabulu. Akwai kuma mugun, ciwon daji, wanda ba shi da iyaka, gefensa a ciccinye, wani lokaci har yakan watsa farare-fararen ɗigo cikin nama. Ya tambayi Malam ko leɓensa ya mutu, Malam ya ce yana jin komai. Ya tambayi tun yaushe, Malam ya ce an daɗe, shekaru ne. Likita ya gyaɗa kai, sannan ya sa alƙalami a kan hoton. Ko ni da ban san komai ba na ga abin da yake nunawa. Farin ɗigo ne birjik a kan kumburin, ya rufe gefensa, har ya fantsama waje inda ba ƙashi.

Ya sa aka sake ɗauka, aka sami abu ɗaya. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Bakinka yana faɗa mini abu ɗaya, hotonka yana faɗa mini wani," in ji shi. Ya ce in mun yarda zai yanki ɗan nama a aika a bincika, amma sai an jira, kuma shi a ransa ya fi zaton mugun ne. In kuwa mugun ne ya kai haka, wuƙa ba abin da za ta ƙara sai wahala.

Malam ya ce an gode, ba sai an yanka ba. Lokacin jirgin ruwan alhazai ya matso.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaure mini kai. Ni na daina cin abinci, shi kuwa Malam sai ya zama kamar an sauke masa kaya. Ya sayi farin yadin likkafani ya linke da hannunsa. Yana ta fara'a, har da tsokanata, abin da bai saba ba. Ya ce mutane nawa ne suke roƙon a binne su a Makka ba su samu ba? Na rasa ko in taya shi murna ko in shaƙe shi. Ina ta lissafin yadda mace ɗaya za ta ratso duk wannan ƙasa ta koma Fammar ba miji, in ce wa mahaifiyarsa me. Hoton nan kuma na rasa yadda zan yi da shi. Ba na iya kallonsa, ba na iya yar da ƙashin mijina a bola. Na naɗe shi da tsumma na zura a gafakar Malam, jakar fatar da yake rataya Alƙur'aninsa. Kwalli kuwa na ƙara yawansa, tunda shi kaɗai nake da shi.

Muka yi sallama da Hajja Rakiya muka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. A wata tasha inda ake canjin jirgi, ina yi wa Malam ƙorafin ƙishirwa, sai wani mutum ya juyo ya ce, "Wannan Hausar ai ta kudancin Kano ce. Baiwar Allah, daga ina?" Na ce Saji. Ya dafe ƙirji, ya ce shi ɗan Rano ne. Ya ambaci duwatsun garin, ya ambaci rafin da muke wanki muna yara, ya ce in ya tuna ɗanyar gyaɗar kaka har hawaye yake yi. Ni ma sai ga hawaye. Na kwance ƙunshi na ba shi abinci, ina ce masa Yaya. Da aka kira salla ya ce Malam ya je, ni kuma in ɗebo ruwa, shi zai tsare kaya. Da muka dawo ba shi ba ƙunshin. Tukwanena, zannuwana, farin yadin Malam, tandun kwalli da dutsen da na taho da shi tun daga gida, duk sun tafi. Gafaka kawai ta tsira, don tana wuyan mai ita.

Ban yi kukan zani ba. Kukan kwalli na yi, a gaban jama'a, kamar ƙaramar yarinya. Ba mu da abin sayen wani, ba mu da man shanu. Washegari da safe hannuwana suka rasa abin yi.

A bakin teku aka tara mu a wani sansani da suke kira karantina, inda alhazai suke jiran a duba lafiyarsu kafin su hau jirgin ruwa. Mutane a cunkushe, ƙwarƙwata ta ɓarke, hukuma ta ce a aske kowane namiji, kai da gemu. Malam ya yi musu bayani da ayoyi da hadisai, mai askin ya saurara cikin ladabi, sannan ya aske. Mutumin da aka ce masa zai mutu ya yi murmushi, ranar sai ga shi ya juya mini baya yana kuka. Da ya juyo na ga girman abin sosai, ba saje da zai rufa masa asiri. Aka ba mu sabulu, aka ce wanka dole. Haka muka zauna makonni, yana fita da mayafi a fuska.

Ranar duba mu, wani matashin likita ya tsayar da layi a kan Malam. Ya janye mayafin, ya danna kumburin, ya kara kunne ya sake dannawa. Akwai tafinta a wurin, wani dattijo jikan Katsinawa. Ta bakinsa likita ya tambaya ko an taɓa ɗaukar hoto. Malam ya ce an ɗauka, an gama magana, a bar shi ya wuce. Ni kuwa ban san lokacin da hannuna ya shiga gafaka ba. Likita ya ɗaga hoton a rana, ya daɗe yana kallo, ya dubi fuskar Malam, ya sake duban hoton. Ya ce ba zai sa hannu mu hau jirgi ba sai an ɗauki sabo a asibitin gari.

Da sabon ya fito ya jera su biyu a gaban fitila ya kira mu. Farin ɗigon nan babu shi, ko ɗaya. Ga siririn farin layi ya zagaye kumburin tsaf, ga ɗakunan nan masu duhu manya da ƙanana, irin waɗanda likitan Hartum ya kwatanta. Ya nuna mana saiwoyin haƙora da suka gajarce kamar an datse su da wuƙa, da wani haƙori da abin ya tura can ƙasa ya kwantar. Ya ce duk wannan aikin mai sauƙin ne, turawa yake yi, ba cinyewa ba. Amma shi ma ransa bai kwanta ba.

"Ya ce ƙashi ba ya goge kansa," in ji tafinta. "Me kuka sha? Me kuka shafa?"

Malam ya ce ba komai sai addu'a. Tafinta ya dube ni.

"'Yata, ke fa? Mata ba sa rasa abin shafawa."

"Baba, kwalli ne kawai da man shanu. Shi ma an sace."

Da tafinta ya mayar masa da maganar, likita ya miƙe zumbur. Ya aiki masinja kasuwa ya sayo kwalli, ya kwaɓa da mai, ya shafa a bayan hannuna, ya sa aka ɗora hannun a kan farantin nan. Can sai ga ƙasusuwan yatsuna a jikin leda, da farin ɗigo birjik a kansu, irin na hoton Malam sak. Tafinta ya ce dutsen kwalli ɗan'uwan dalma ne, hasken injin ba ya ratsa shi. Na tsaya ina kallon hannuna. Abin da nake shafawa don Malam ya rayu shi ya sa aka ce zai mutu, ɓarawon da nake tsine wa safe da yamma shi ya raba mu da shi. Har yau ban san irin addu'ar da ta dace da mutumin nan ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, sai murna. Ashe da saura. Likita ya ce mai sauƙi ne, amma ba ya tsayawa, kuma ba ya jin magani. In an bar shi zai yi ta girma har abinci ya gagara wucewa. Sai dai mu koma Hartum a yanke wannan ɓangaren muƙamuƙin gaba ɗaya, da haƙoransa. Malam zai rayu, in Allah ya so har ya tsufa. Amma bakinsa zai karkace, kuma wasu haruffa ba za su ƙara fita daidai ba.

Muka koma sansani. Bayan la'asar muka zauna a inda ake hango jirgin, ana ta loda masa kaya. Ga Makka a ƙetaren ruwan nan, mun sha wahalar duniya mun zo.

"Hansai," ya ce, ya kira sunana, abin da ba ya yi. "Na riga na shirya. Na yafe wa kowa, na roƙi yafiya. Yanzu kuma a ce in kwance shirin?"

"Ai ba mutuwa za ka yi a can ba, Malam. Dawowa za ka yi da shi, yana girma, ina kallo."

"Tun ina yaro nake gyara haruffan nan ɗaya bayan ɗaya. In aka yanke, da wane baki zan yi karatu?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba tunda aka kai ni gidansa. Ranar na ce, "Da wanda ya rage. Ni ban baro Fammar don in koma ni kaɗai ba, kuma ba zan zauna in ga yunwa ta kashe ka da tuwo a gabanka ba."

Ya dubi ruwa. Sannan ya ce in tashi in haɗa kaya, sai kuma ya tuna ba mu da kaya, muka yi dariya mu biyu ina share hawaye. Jirgi ya tashi da abokan tafiyarmu suna ta labbaika, mu kuma muka hau jirgin ƙasa muka juya wa gabas baya.

Likitan Hartum da ya ga hotunan uku sai ya riƙe kai, ya yi ta nanata sunan kwalli da harshensu. Ya roƙe ni in bar masa na hannuna don ya riƙa nuna wa ɗalibansa, na ce ya riƙe, ni ina da hannun. Malam ya nemi alfarma ɗaya, a ba shi kwanaki kafin aiki. A ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin ya zauna ya sauke Alƙur'ani da ka, daga farko har ƙarshe, a hankali, yana ba kowane harafi haƙƙinsa. Marasa lafiya suka riƙa jawo tabarmi suna zama. Ni ina gefe, na san wannan muryar ba zan ƙara jin ta haka ba. Ranar da ya kai ƙarshe ya shafa addu'a, ya miƙe ya ce a kira likita.

Aka yi aikin, ya sha wuya, watanni yana shan kunu ta gefen baki. Hajja Rakiya ta sake buɗe mana rumfarta, na koma auduga ni kaɗai. Shekara ta zagayo muka ƙetare, muka sauke farali, muka kamo hanyar gida. Sajen ya sake fitowa ya rufe ramin, amma da Malam ya buɗe baki sai leɓen ya zame hagu. Da muka iso Fammar ya ce shi ya gama koyarwa, kada ya lalata harshen 'ya'yan mutane. Iyayen yara suka ƙi. Sai ya ɗauko wani babban ɗalibinsa ya zaunar a gefensa, shi yana biyawa, in an zo harafin da ya gagare shi ɗalibin ya furta. Haruffan yaran suka fita daidai. Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne yara da ido suke koyo. Duk wanda ya yi karatu a zauren nan, in ya fara tilawa sai bakinsa ya ɗan karkata hagu. Malam ya yi faɗa har ya gaji.

Ya rayu har gemunsa ya yi fari fat, ya ga jikoki, ya rasu a ɗakinsa da cikinsa a ƙoshe. Shekarun baya aka kai ni wata walimar sauka a cikin garin Kibiya, ina zaune a bayan mata, sai wani saurayi ya fara karatu. Ban san shi ba, an haife shi bayan rasuwar Malam. Muryarsa garau, haruffa tsaf, bakin kuwa ya zame hagu. Da aka tashi na sa aka kira mini shi.

"Ɗan nan, me ya sami bakinka?"

"Ba komai, Hajiya. Haka malaminmu yake yi, shi ma haka ya ga nasa malamin yana yi. Ko kuskure ne in gyara?"

Na ce a'a, ya bar shi haka. Na roƙe shi ya ƙara mini ko aya biyu. Ya durƙusa ya fara, ni kuma na rufe ido na buɗe tafin hannuna a kan cinyata.